Baba Sannu da Ƙarfen Injin Tafiya

A asibitin nan, in ka hau bene ka bi doguwar barandar da ta wuce ɗakin ɗibar jini, ƙofar ƙarshe ita ce ɗakin gwajin zuciya, kuma shekara da shekaru ɗakin na mutum ɗaya ne. Ba rubuta masa aka yi ba, amma kowa ya san nasa ne. Shi ya zaɓi labulen, shi ya san tagar da ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta, shi ke tafiya gida da makulli a aljihu har ranar hutu. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Daga mai gadi har Babban Likita, Baba Sannu ake ce masa, don tun mara lafiya ya taka ƙofa har ya fita abin da zai yi ta ji ke nan: sannu, a hankali, sannu.

Aikin ɗakin ba shi da wuyar ganewa. Akwai ciwon zuciya mai wayo, wanda jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini suke tsukewa kaɗan-kaɗan. Muddin mutum na zaune ko yana kwance, zuciyar tana lallaɓawa da ɗan abin da take samu, awo ya fito fes. Sai an sa ta aiki take tona kanta. Shi ya sa ake manna wa mutum wayoyi a ƙirji, a ɗaura masa abin awon jini a dantse, a ɗora shi kan injin tafiya, wato bel mai gudu a ƙarƙashin ƙafa, yana ƙara sauri yana ƙara tudu. Ma'aikaci na gefe yana kallon layin bugun zuciya a allo. In jini bai isa ba, layin zai nuna.

Baba Sannu bai fara da wannan ba. Yana saurayi keken marasa lafiya yake turawa, har wata tsohuwar nas ta ga hannunsa da sanyi ta koya masa manna waya. Ya je kwas ya dawo, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya aurar da wasu, furfura ta fito masa, duk yana kan barandar nan. Ranar da aka kawo injin tafiya na farko shi ya ɓare ledarsa, shi ya fara hawa, ya kusa kifawa ta baki, kuma har gobe yana ba da labarin kamar daga filin daga ya dawo.

Kirki kam yana da shi, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Yakan murza tafin hannunsa ya yi ɗumi kafin ya taɓa ƙirjin tsoho. In zai aske gashin ƙirji don waya ta kama, sai ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya shuka gashin. A gaban injin akwai ƙarfe na dafawa, kuma a nan tausayinsa ya fi fitowa. "Riƙe da kyau, Baba, hannu biyu, kar ka faɗi mini." Sai mutum ya damƙi ƙarfe, ya rataya rabin nauyinsa a kai, ƙafafu ne kawai ke bin bel. Da goshi ya fara tsatsafo zufa, ko aka ce wash, Baba Sannu ya kai hannu ya kashe inji. "Ya isa haka, ai ba tsere muke ba." Takarda ta fito, layi a miƙe, likitan da aiki ya yi wa yawa ya duba ya sa hannu, mutum ya tafi gida yana ta shi masa albarka. Wannan shin albarka ita ce abincin Baba Sannu, da ita yake ƙoshi.

Sai aka kawo ta.

Mace ce gajera mai saurin tafiya, uwar yara, ba ta da yawan dariya. Daga wani babban asibiti aka turo ta, tare da sabuwar na'urar ɗaukar hoton zuciya mai tayoyi, wai don a gyara yadda ake gwajin. Kalmar gyara ɗin nan ita ta fara tsaya wa Baba Sannu a wuya. Me ya lalace da za a gyara? Ta gaishe shi da ladabi, ta ce masa Baba, ta nemi kujera ta zauna a lungu ta kalle shi yana aiki tun safe har rana. Shi kuwa ranar ya ƙara wa sannunsa zaƙi, don ta ga yadda manya ke yi.

Da ɗakin ya watse ta ce, "Baba, in ba za ka damu ba, ina da magana a kan ƙarfen nan."

"Ƙarfe me ya yi miki?"

"In mutum ya rataya a jikinsa, ƙarfen ne ke aikin, ba zuciyar ba. Kuma yawancin waɗanda na gani yau an sauke su bugun bai kai inda ya kamata ya kai ga mai shekarunsu ba. Gwajin da aka tsayar da wuri ba ya cewa lafiya, Baba, shiru kawai yake yi. Ga masu shan maganin da ke rage bugu, su ma ya kamata a tambayi likita tun kafin ranar."

"Ikon Allah," in ji Baba Sannu. "Yaushe kika zo asibitin nan?"

"Yau."

"To ni ranar da aka kawo injin nan kina goye."

Ta ce haka ne, ta ba shi haƙuri, amma ba ta janye ko kalma ɗaya ba. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, mutum ya ba ka haƙuri yana nan a kan bakansa.

Babban Likita ya raba musu kwanaki, aka yanka mata makulli nata. Wallahi ranar da Baba Sannu ya zo da safe ya tarar da ƙofa a buɗe, an ɗaga tagar nan yadda shi kaɗai ya iya, sai da ya koma baranda ya zauna kamar wanda aka yi wa sata. A ranakunta yakan ƙirƙiri dalilin shiga, wai ya manta biro, don kawai ya ga abin da take yi. Abin da yake gani kuwa ba daɗi. Tana tsaye daf da mara lafiya, hannunta ɗaya a bayansa ko da zai yi tangal-tangal. "Yatsu biyu kawai a kan ƙarfe, Kawu. Ɗaga kai. Me kake ji a ƙirji? A wuya fa? Ƙara kaɗan, ina nan, idona na kan allo." Mutum ya yi sharkaf da zufa yana huci. Da ta kashe inji, kafin ya gama nishi ta kwantar da shi a gefen hagu ta ɗora masa kan na'urar hoto a ƙirji, don a ga zuciyar tana aiki tun ba ta huce ba. Wani tsoho ya sauko yana cewa, "Wannan ai soja ce!" Sunan ya bi ta.

Da farko Baba Sannu ya ji daɗin sunan, har yana tayawa a yaɗa. A zatonsa mutane za su guje ta. Sun kuwa guje ta, na ɗan lokaci. Sai wani direban babbar mota da ya taɓa hawa injin a hannun Baba Sannu aka ce masa lafiya lau ya dawo da ciwon ƙirji, ranar Soja ce, ta gano jijiya ta kusa toshewa, aka yi masa aiki ya tashi. Shi ke nan. Likitoci suka fara cewa a kai wane ranar Soja. Babban Likita, wanda a shekarun nan duka bai taɓa zama a ɗakin ba, ya koma jan kujera yana kallon hoto tare da ita, suna nuna allo da yatsa suna magana ƙasa-ƙasa. Har mai shara, mai sharar da Baba Sannu ya yi wa hanya aka ɗauke ta aiki, ta koma fara goge ɓangaren na'urar hoto kafin teburinsa. Yana gani, yana lura da komai, ba abin da ya wuce shi.

Kishi ne, ba wani suna da za a sa masa. In an yabe ta sai ya ji kamar daga aljihunsa aka ciro yabon. In ta yi kuskure kaɗan, ko waya ce ta ɓalle, ranar har shayinsa ya fi daɗi. Ta yi masa tayin koya masa na'urar hoto, ba sau ɗaya ba, ya ce idonsa ba ya son hasken allon, alhali wuni yake yana kallon wani allon. Ko Sojan ma ya daina kiranta da shi, sai dai waccan.

A gida kuwa matarsa ce ke shan labari. Malama ce a makarantar firamare, mace mai jiki, mai barkwanci, wadda ta san mijinta ciki da bai. "Baban yara," ta ce masa wata rana suna cin abinci, "wannan Sojar ko ƙofar gidan nan ba ta sani ba, amma kullum da ita muke zama a kan tabarma. Ka bar ta ta huta mana, ko ta samu ta ci nata abincin."

"Ke ba ki san komai ba. Wahalar da bayin Allah kawai take yi."

"To ai kai kana nan kana ba su hutu, an raba aiki ke nan."

Malama ta daɗe tana fama da wata gajiya. In ta hau benen makaranta sai ta tsaya a tsakiya ta yi kamar tana gyara mayafi. Wani lokacin muƙamuƙinta ya riƙe, ta ce haƙori ne. Tun kafin zuwan Soja likita ya taɓa tura ta gwajin, kuma Baba Sannu da kansa ya yi mata. Kai, ranar sannu ta ga gata! Ta riƙe ƙarfe da hannu biyu, ya kashe inji tun kafin ta ɓata kwalliya, takarda ta fito fes. Tun daga nan duk lokacin da ta yi ƙorafi sai ya ce, "Ni na gwada ki da hannuna. Jiki ne ya yi nauyi, da kuma surutun yara."

Rannan ya manta tabarau a gida, Malama ta biyo ta kawo masa a hanyarta. Soja na saukowa ta tarar da wata mata a tsakiyar bene, ta jingina da bango, hannu a muƙamuƙi, leɓe ya bushe. Ba ta san ko matar wa ce ba. Ta kama ta, ta zaunar da ita, ta yi mata tambayoyi, sannan ta rako ta har ƙofar ɗakin. Ganin su tare, hannun waccan a kafaɗar matarsa, ya sa jinin Baba Sannu ya hau.

"Baba, ashe Mama ce," in ji Soja. "Ina ganin ya kamata likita ya sake ganinta, a maimaita gwajin."

"An yi mata."

"Ta faɗa mini. Amma ta ce ta riƙe ƙarfe, kuma ba ta ko yi zufa ba."

"Yanzu kuma har cikin gidana za ki shigo da gyaran naki? Ɗaki bai ishe ki ba?"

Soja ta sunkuyar da kai ta fita. Amma fa ta faɗa wa Babban Likita, shi kuma ya kira Malama ya duba ta, ya ce a sake. Baba Sannu ya yi kwana da kwanaki yana ja. Yau inji na buƙatar gyara, gobe layi ya yi yawa, jibi Malama na da jarrabawar yara. Yana kallon matarsa tana tsayawa a tsakar gida da bokiti a hannu tana mayar da numfashi, sai ya kawar da kai. Ba wai ba ya sonta ba ne, yana sonta fiye da ransa. Amma in aka sake gwajin aka sami wani abu, to waccan ta yi gaskiya a kan matarsa ta aure, a gaban asibiti duka. Wannan tunanin ya fi ƙarfinsa, har yakan hana shi jin tsoron abin da ya kamata ya ji tsoro.

Daga ƙarshe Malama ce ta gaji. "Ko ka sa mini rana, ko in je ranar Soja in bi layi kamar kowa."

Sai ya yi dabara. Zai yi gwajin da kansa, a ranarsa, kuma zai yi shi irin nata sak, ba ragi, don in takarda ta fito fes ya kai mata har hannu ta rasa abin cewa. Ya riga ya shirya fuskar da zai yi lokacin miƙa mata.

Da safiyar ranar, likita yana ɗakin da ke kusa, kamar yadda aka saba. Soja ta zo ta tsaya a ƙofa. "Yau ba a buƙatarki," ya ce mata, "matata ce." Ta ce, "To, Baba. Ina baranda." Ya rufe ƙofa.

Ya manna wa Malama wayoyi, ya ɗaura mata abin awon jini, ya taimaka mata ta hau. Bel ya fara tafiya, ta damƙi ƙarfe kamar wancan karon.

"Saki," ya ce. "Yatsu biyu kawai."

Ta juyo ta dube shi. "Yau kuma kai ne sojan?"

"Dubi gabanki."

Inji ya ƙara tudu. Numfashinta ya fara fita da ƙara. Ya sake ƙara sauri, zufa ta keto mata daga goshi tana bin wuya. "Baban yara, ya isa haka mana," ta ce. Hannunsa ya tafi kan maɓallin kashewa da kansa, hannun da ya saba, ya ma taɓa shi. Sai idonsa ya faɗa ƙasan ƙofa, ya ga inuwar ƙafafu biyu a tsaye. Tana nan, tana jin ƙarar injin, za ta san daidai lokacin da ya kashe. Gobe ta ce an sauke ta da wuri. Ya janye hannu. Ba ilimi ne ya hana shi ba, ba hangen nesa ba, kishi ne tsagwaronsa.

"Ƙara kaɗan," ya ce. "Me kike ji?"

Ta ɗaga hannu ta dafe muƙamuƙi, sannan ta sauke shi tsakiyar ƙirji. Ya dubi allo. Layin da ya yi shekaru yana ganinsa a miƙe ya fara nutsewa bayan kowane bugu, ba a waya ɗaya ba, ba a biyu ba. Ya san wannan siffar sarai, ya gan ta a littafi, ya gan ta a jikin wasu. Innalillahi. Ya buga maɓallin, ya rungumo ta ya kwantar a gado. Ga na'urar hoto nan a gefensa, an lulluɓe ta da ƙyalle, kuma ya san yanzu ne ake ɗaukar hoton, kafin zuciyar ta huce ta ɓoye abin da ta nuna. Ya yaye ƙyallen ya tsaya yana kallon maɓallai. Ko inda ake kunna ta bai sani ba.

"'Yata!" ya ƙwala. "'Yata, shigo! Kira likita!"

Ta shigo da gudu, likita na bin ta. Ba ta ko kalle shi ba. Ta juya Malama gefen hagu, ta ɗora kan na'urar, hoto ya fito. Ko Baba Sannu da bai koya ba ya ga abin: zuciyar na matsawa ta ko'ina, ban da wani gefe da ya yi lagwas yana bin sauran a baya. Likita ya sa wa Malama magani a ƙarƙashin harshe, ciwon ya lafa a hankali. Ya ce ba za ta koma gida ba, za a kwantar da ita, a duba jijiyoyin, in ta kama a buɗe wadda ta tsuke. Ya juyo ya dafa kafaɗar Baba Sannu ya ce, "Ka yi gwaji mai kyau yau." Yabon da ya daɗe yana jira ke nan, ya zo kuma bai ji ɗanɗanon komai ba.

Ranar aikin, da hantsi, aka turo Malama a gado zuwa ɗakin da za a zura mata siririn bututu ta jijiyar hannu. Ba za a sa ta barci ba, idonta biyu za a yi. Baba Sannu na tafe a gefe yana riƙe da gadon, yana gyara mata bargo, yana ta sannu. A bakin ƙofa nas ta ce an yarda ma'aikaci ɗaya ya shiga ya tsaya wajen kanta. Ya riga ya miƙa hannu zai karɓi rigar shiga.

Malama ta riƙo hannun nasa. "Baban yara, kira mini yarinyar nan. Ita nake so ta shiga."

Ya tsaya kamar an zuba masa ruwan sanyi. "Ni fa? Ni ne mijinki."

"Shi ya sa. Kai in na tambaye ka yaya ake ciki, lafiya lau za ka ce mini, ko me ka gani. Ita za ta faɗa mini gaskiya." Ta matse yatsunsa. "Kar ka ɓata rai. Ka jira ni a nan, kai nake so in fara gani in an fito da ni."

Kishin ya taso masa, ya fi na kullum zafi, kuma wannan karon ba wanda zai ɗora wa laifi. Nas na jira, gadon na tsaye a bakin ƙofa. Ya mayar mata da rigar, ya juya, ya hau bene da sauri yadda gwiwoyinsa suka yarda, ya bi doguwar barandar nan ya je ya kira ta.